Gudanar Lantarki a Cikin Fallayen Girafin

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a nuna cewa gudanar lantarki a cikin girafin ta dogara ne ƙwarai bisa yadda aka jera fallayensa. Girafin falle ɗaya ne na ƙwayoyin zarra na kabon, waɗanda suka jeru kamar saƙar zuma. Idan fallayen suka taru da yawa, su ne girafayit, watau baƙin da ke cikin fensir.

Falle Ɗaya

Kowace ƙwayar kabon tana da ilektaron huɗu na waje. Uku suna ɗaure ta da maƙwabtanta, na huɗun kuwa sake yake, shi ne mai ɗaukar lantarki. P. R. Wallace ya yi lissafin wannan tun 1947, amma sai a 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓare falle ɗaya a Jami'ar Mancesta ta Ingila. A cikinsa ilektaron yana tafiya tamkar ba shi da nauyi, yana cin kimanin kilomita 1,000 a sakan ɗaya. Illarsa ita ce ba shi da giɓin ƙarfi, watau tazarar da ilektaron zai tsallake kafin ya gudana. Saboda haka ba a iya kashe lantarkin sarai, alhali taransisto ba ta aiki sai da kunnawa da kashewa.

Falle Biyu

In aka ɗora falle a kan falle, rabin ƙwayoyin na sama suna daidai tsakiyar ramukan na ƙasa, ilektaron yakan yi tsalle tsakaninsu, sai ya zama kamar mai nauyi. In kuma aka sa ƙarfin lantarki daga sama zuwa ƙasa, giɓin yakan buɗe, ana kuwa iya ƙara shi ko rage shi.

In aka karkata falle ɗaya da digiri 1.1, ilektaron yakan rage gudu ainun, har tasirin juna ya rinjaye su. Bistritzer da MacDonald sun hango wannan kusurwa a 2011. A 2018 ƙungiyar Pablo Jarillo-Herrero a MIT ta Amurka ta ga lantarki yana gudana ba turjiya ko kaɗan a sanyin kelbin 1.7.

Kammalawa

A taƙaice, kabon ɗin ɗaya ne, jerin ne ya bambanta. Ya kamata malamin kimiyya ya nuna wa ɗalibansa cewa tsarin abu yana iya sauya halinsa kamar yadda sinadarinsa yake yi.