Sayantoloji: Aƙidojinta da Manufofinta

Gabatarwa

Galibin addinan da muka sani sun ginu ne a kan wahayi da bautar Ubangiji. Amma a tsakiyar ƙarni na 20 wata hanya ta ɓulla a Amurka wadda mabiyanta ke kira addini, alhali kuwa tushenta littafin gyaran tunani ne. Ita ce Sayantoloji. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana abin da mabiyanta suka yi imani da shi, da abin da suke nema, da kuma dalilin da ya sa ake jayayya a kan matsayinta.

Asalinta

Wanda ya assasa ta shi ne L. Ron Hubbard (1911–1986), marubucin ƙagaggun labaran kimiyya. A 1950 ya fitar da littafinsa mai suna Dianetics, inda ya yi da'awar cewa yawancin damuwar ɗan Adam, har da wasu cututtukan jiki, daga tunani suke tasowa. A wannan shekarar ce ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta yi gargaɗi cewa da'awar ba ta da hujjar kimiyya. Daga baya sai Hubbard ya ba koyarwar tasa siffar addini. An yi rajistar cocinta a jihar New Jersey a 1953, aka buɗe na Los Angeles a 1954.

Aƙidoji

Aƙida ta farko ita ce, haƙiƙanin mutum ruhi ne madawwami, wanda suke kira "tetan". A ganinsu wannan ruhi ya rayu a jikuna da yawa kafin na yanzu, har ya manta da ikonsa na asali.

Ta biyu, duk wani ciwo ko firgici da mutum ya sha, a wannan rayuwa ko a wata da ta gabata, yakan bar tabo a wani ɓoyayyen sashe na tunaninsa. Wannan tabo shi ne "engiram", kuma shi ke haddasa tsoro da aikata abin da bai dace da hankali ba.

Ta uku, burin kowane mai rai shi ne wanzuwa, kuma sun kasa wannan buri gida 8: kai, iyali, jama'a, 'yan Adam baki ɗaya, dukkan masu rai, duniyar zahiri, ruhohi, sannan Mahalicci. Abin lura a nan shi ne, ba su da tsayayyen bayani game da Mahaliccin. An bar wa kowa ya gano da kansa.

Hanya da Manufa

Tunda a wurinsu matsalar tabo ce, ba zunubi ba, maganinta ba tuba ba ne. Mabiyi yakan zauna gaban wani horarre ya riƙa amsa tambayoyi, yana riƙe da gwangwanaye biyu da aka haɗa da wata na'ura mai allura, watau "E-mita". Na'urar tana auna yadda ɗan ƙaramin lantarki ke ratsa fata ne, amma su suna ɗauka motsin allurar yana nuna inda tabon yake. Wanda aka share masa tabonsa duka ya zama "tsarkakakke", daga nan kuma ya shiga hawa wasu matakai na sirri. Babbar manufarsu, in ji su, ita ce a sami duniyar da babu hauka, babu laifi, babu yaƙi.

Jayayya

Kowane mataki da kuɗinsa, kuma kuɗin kan ƙaru in an yi sama. Nan ne gizo ke saƙa. Babbar kotun Ostareliya ta amince da ita a matsayin addini a 1983, Amurka kuma ta yafe mata haraji a 1993. Amma Jamus ta fara sa mata ido a 1997, a Faransa kuwa wata kotu ta sami reshenta da laifin zamba a 2009.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa Sayantoloji ta mai da tsira wata fasaha da ake aunawa da na'ura, a kuma saya mataki-mataki. Wannan shi ya raba kan kotunan duniya. Ga mai nazari kuwa, ta bar tambaya mai nauyi: shin imani da ruhi kaɗai ya isa a kira hanya addini, ko kuwa sai an dubi abin da take karɓa daga hannun mabiyanta?