Agogon Hannu Mai Aiki da Hasken Rana: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Idan kuna neman agogo a kasuwar Sabon Gari ko shagunan Samaru a Zariya, mai yiwuwa a tallata muku na Casio ko Citizen, a ce ba ruwansa da canjin batir, kuma da kansa yake saita lokaci. Ku san waɗannan abubuwa kafin ku miƙa kuɗi.

Yaya yake ƙirga lokaci?

A cikinsa akwai ɗan ƙanƙanin dutse mai suna kwaz, wanda lantarki ke sa shi karkarwa sau 32,768 a daƙiƙa ɗaya. Da wannan yake ƙirge, shi ya sa kuskurensa bai cika wuce daƙiƙa 15 a wata ba. Ƙananan da'irorin da ke fuskar wasunsu kuwa na auna tsawon aiki ne: ku danna maɓalli ya fara, ku sake dannawa ya tsaya. Suna da amfani ga mai horar da 'yan tsere, ko ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello a ɗakin gwaji.

Ina yake samun wuta?

Ɗan faifan sola ne a fuskarsa ke tara haske cikin batir mai caji. Idan ya cika, yakan yi watanni ko da a duhu ne. Amma kada ku bar shi cikin mota da tsakar rana, zafi na lalata shi. Kada kuma ku yarda mai gyara ya sa masa batir na gama-gari.

Zai saita kansa a Zariya?

A'a, idan da saƙon rediyo yake saitawa. Agogon Casio mai tambarin Multiband 6 yana karɓar saƙon lokaci daga tashoshin rediyo shida: biyu a Japan, sai ɗaya-ɗaya a Sin, Amurka, Ingila da Jamus. Ta Jamus ce mafi kusa da mu, amma saƙonta bai wuce kimanin kilomita 2,000 ba, mu kuwa tsakaninmu da ita ya haura 4,000. Da hannu za ku saita shi: ku zaɓi lokacin Faris ko Balin, ku kashe ƙarin awa ɗaya da Turawa ke yi da bazara.

Ya cancanci kuɗinsa?

Ya fi agogon batir tsada, kuma jabu ya yi yawa, don haka ku duba lambar da ke bayansa a shafin kamfanin. Solar za ta yi muku aiki sosai a nan. Rediyon kuwa sai mai yawan zuwa ƙasashen can, saboda haka kada ku ƙara ko sisi dominsa.