Cutar sistik faiburosis da ɗaukar ciki: Tun ran gini ran zane

A shekarar 1960 ne likitoci suka fara bayar da rahoton wata mata mai cutar sistik faiburosis da ta ɗauki ciki har ta haihu. Sai dai murnar ba ta daɗe ba, domin makonni 6 bayan haihuwar ta rasu. A wancan zamani yawancin masu wannan cuta ba sa wuce ƙuruciya, balle a yi zancen aure. Yau kuwa al'amarin ya sauya. A Amurka, yawan cikin da matan da ke da cutar suka ɗauka ya tashi daga kimanin 300 a shekarar 2019 zuwa sama da 600 a 2020. Amma sauƙin samun ciki bai kawar da haɗarin da ke tattare da shi ba.

Ita dai wannan cuta gadonta ake yi kamar yadda ake gadon sikila, wato sai yaro ya karɓi ƙwayar halittar daga uwa da uba duka kafin ta bayyana a jikinsa. Takan sa majinar jiki ta yi kauri da yauƙi, ta toshe hanyoyin iska a huhu, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama. Haka kuma takan toshe fankiriyas, gaɓar da ke samar da ruwan narkar da abinci da kuma insulin, sai mutum ya yi ta ci amma jiki ba ya nunawa. A nan Birtaniya sama da mutum 10,000 ne ke da ita, kuma kusan mutum 1 cikin 25 na ɗauke da ƙwayar ba tare da wata alama ba. Tun daga 2007 ake gwada jarirai a duk faɗin ƙasar ta hanyar ɗigar jini a dunduniya.

Gaskiya ne cutar ta fi yawa a tsakanin Turawa, amma wannan ba ya nufin baƙar fata ya tsira. Auren zumunci kan ƙara yiwuwar ƙwayoyi biyu su haɗu, ga shi kuma 'ya'yanmu da aka haifa a nan suna auratayya da wasu al'ummomi.

Abin da ya kawo sauyin da aka ambata a sama shi ne maganin da ake kira Trikafta a Amurka, wanda aka amince da shi a 2019, ya kuma iso asibitocin gwamnati na Ingila a 2020 da sunan Kaftrio. Maganin na gyara aikin sinadarin da ya sami matsala a jiki, majina ta tsinke, har da ta bakin mahaifa wadda a da ke tare hanyar maniyyi. Don haka mata da dama da suka fitar da rai da haihuwa sai ga su da ciki ba shiri.

To, ina haɗarin yake? Na farko shi ne huhu. Likitoci kan auna yawan iskar da mutum ke iya furzarwa cikin daƙiƙa ɗaya. Matar da huhunta ke da ƙarfi takan wuce watannin cikin ba tare da wata babbar illa ba, amma wadda awonta ya yi ƙasa da rabin abin da ake tsammani ga mai lafiya tana cikin haɗari babba. Idan har cutar ta kai ga hawan jini a jijiyoyin huhu, ko ta taɓa zuciya, likitoci kan ba da shawarar kada a ɗauki cikin sam. Haka ma sukan yi taka-tsantsan sosai da wadda ƙwayar cutar Burkholderia ta zauna a huhunta.

Na biyu shi ne abinci. Mai ciki na ciyar da rai biyu, alhali mai wannan cuta da ƙyar take riƙe ƙibar kanta, ga laulayi da amai a watannin farko. Wasu har sai an riƙa ƙara musu abinci ta bututu da dare. Na uku kuma ciwon sukari, wanda dama cutar kan haddasa shi, ciki kuma ya ƙara tunzura shi, shi ya sa ake gwaji tun kafin ciki, a kuma maimaita a lokacinsa. Na huɗu shi ne haihuwar bakwaini, wadda ta fi yawa a tsakanin waɗannan mata, musamman masu raunin huhu da masu sukari.

Sai kuma batun abin da za a haifa. Uwa mai cutar dole ta ba ɗanta ƙwaya ɗaya. Idan mijin ba ya ɗauke da ita, yaron zai zama mai ɗauke da ƙwayar kawai. Idan kuwa yana ɗauke da ita, to kowane ciki rabi da rabi ne. A nan akwai abin lura ga maigida ɗan asalin Afirka: gwajin da aka saba yi na neman nau'o'in da suka fi yawa a jikin Turawa ne, don haka ya kamata ya faɗi asalinsa, ya nemi a yi masa cikakken gwaji.

Babban kuskuren da mace za ta yi shi ne ta ajiye magungunanta a ɓoye da zarar ta ga ɓatan wata. An ga matan da huhunsu ya tabarbare bayan daina shan Kaftrio. Maganin na ratsa mabiyiya ya isa ga jariri, yana kuma shiga nono, shi ya sa ake duba idanu da hantar jaririn bayan haihuwa, kuma shawarar ci gaba da shi ta mace ce tare da likitocinta. Haka nan ƙwayoyin narkar da abinci irin su Creon daga jikin alade ake samo su, abin da kan dami Musulmi. Hukuncin lalura sananne ne, don haka a tuntuɓi malami da likita, kada a yanke hukunci cikin duhu.

Bayan haihuwa ma da sauran aiki. Mai jego na buƙatar lokaci kullum don shaƙar magani da motsa ƙirji a fitar da majina, ga shayarwa da ke cin jiki, ga rashin barci. A gida dangi ne ke ɗauke wannan nauyi har a yi arba'in, a nan kuwa sai an tsara wanda zai taimaka tun da wuri. A kuma kiyaye ta daga hayaƙin turaren wuta, mai mura kuma ya haƙura da zuwa barka har ya warke.

Saboda haka, kira ga iyaye da surukai shi ne su daina ƙirga wa irin wannan amarya watanni. Jinkirin da za ta yi don ta ƙara ƙiba, a daidaita sukarinta, a gwada mijinta, shi ne zai ba ta damar ta haihu ta kuma raini abin da ta haifa. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, amin.