Tangaran ɗin Sin Mai Siffar Turai a Ɗakin Amarya

Tangaran farin yumɓu ne da ake gasawa a wuta mai zafin kusan digiri 1,300 har ya daskare kamar gilashi. In aka ƙwanƙwasa shi da farce sai ya yi wata ƙara siririya. Mutanen Sin ne suka fara yin sa, fiye da shekara dubu ke nan, kuma garin Jingdezhen ne cibiyarsa.

Turawa sun daɗe suna saye ba su san sirrin haɗinsa ba, sai a 1710 aka buɗe masana'antar Meissen a Jamus. Kafin nan, har ma bayan nan, fataken Holan da Ingila kan kai samfurin abin da suke so, wani na katako, wani na azurfa: kofi mai hannu, faranti mai faɗin baki, kwanon miya mai murfi. Maginan Sin su duba su kwaikwaya. A ƙarni na 18 akan ɗauko fararen kwanukan daga Jingdezhen zuwa Kanton, wato Guangzhou, a zana musu furanni da tambarin manyan gidajen Turai, sannan a yi musu lodi a jirgin ruwa.

Wannan dabara ta yi wa mai saye abin da idonsa ke so ta daɗe da isowa ƙasar Hausa. A da, jeren amarya a Gumel da kewaye ƙorai ne da tasoshi. Sai samira ta shigo daga Turai, daga baya daga Hong Kong, har mutanen can suka kafa masana'antu a Legas da Kano. Ita samira ƙarfe ce da aka lulluɓe, ba tangaran ba.

Yanzu kuwa ranar Alhamis, kasuwar Maigatari da aka fi sani da dabbobi takan tara iyayen amare daga Najeriya da Nijar a rumfunan kayan ɗaki. Uwa za ta ɗaga faranti mai bakin ruwan gwal da zanen fure irin na Turai, ta ƙwanƙwasa ta ji ko ya tsage, ta juya gindinsa: ƙirar Sin ce. Sau da yawa ba za a ci tuwo a ciki ba. A kabad za a jera shi, 'yan ganin ɗaki su yaba.

Abin takaicin shi ne, farin yumɓun da ake yin tangaran da shi yana nan kwance a Ƙanƙara ta Jihar Katsina, amma farantin sai ya ƙetaro teku.