Rabon Gado: Inda Mamaci Bai Bar Wasiyya Ba

Da zarar an yi addu'ar bakwai, masu gaisuwa sun ja jiki, sai maganar da kowa yake jin nauyin tayarwa ta fara yawo a tsakanin iyali: gidan nan, da gonar ƙauye, da shagon kasuwa, yaya za a yi da su? Magidanta da yawa suna komawa ga Allah ba su bar ko layi ɗaya a rubuce ba. Ga Musulmi, wannan bai sa dukiya ta zama marar mai ita ba, domin kason kowane magaji a yanke yake. Abin da ke raba zumunci ya tauye marayu shi ne jinkiri da rashin shaida.

A Nijeriya, dokoki iri uku ne ke iko da dukiyar wanda ya rasu babu wasiyya: shari'ar Musulunci, da dokokin gargajiya na ƙabilu, da dokar gwamnati wadda ta fi shafar waɗanda suka yi auren rajista. Addinin mamaci da irin aurensa su ne kan nuna wadda za a bi. Sashe na 277 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan gado da wasiyya da kyauta da waƙafi idan mai dukiyar Musulmi ne. Alƙalan Arewa kuma mazhabar Malikiyya suke bi, da littattafan da aka daɗe ana karantawa a zaure, irin su Risala da Mukhtasar na Khalil.

Magada su ne na ƙarshe a layi. Da farko a fitar da kuɗin likkafani da jana'iza. Sai bashi, wanda ya haɗa da ragowar sadakin matar mamaci idan bai cika ba. Sai wasiyya in akwai, ita ma da iyaka biyu: ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yi wa magaji, sai da yardar sauran magada. Ke nan takardar da uba ya rubuta ya ba babban ɗansa gidan gaba ɗaya ba ta da ƙarfi idan 'yan uwa suka ƙi. Abin da ya rage bayan wannan shi ake rabawa bisa ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i.

A ɗauki misalin ɗan kasuwa da ya rasu, aka biya bashinsa, aka ƙiyasta abin da ya saura ya kai naira miliyan 24. Ya bar mata biyu, da uwa da uba a raye, da 'ya'ya tara: maza huɗu, mata biyar. Matan aure za su raba tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, miliyan 3, kowace ta tashi da miliyan ɗaya da rabi. Uwa tana da sudusi, miliyan 4, uba ma haka. Saura miliyan 13 na 'ya'ya, namiji yana ɗaukar ninkin na mace: kowane ɗa miliyan 2, kowace 'ya miliyan 1. 'Yan uwan mamaci, ko da su suka yi jinyarsa, ba su da komai a nan, saboda ɗa namiji da uba sun katange su. Da a ce bai bar ɗa ko 'ya ko jika ta wajen ɗa namiji ba, da matan sun sami rubu'i. Idan kuma ɗaya daga cikin matan tana da ciki, malaman Malikiyya suna dakatar da rabo har ta haihu.

Wani lokaci kasonni sukan fi dukiyar yawa. Mace ta rasu ta bar miji da 'yan uwa mata biyu shaƙiƙai: miji yana da rabi, su kuma kashi biyu cikin uku, jimilla bakwai cikin shida. Tun zamanin Sayyidina Umar aka warware wannan da abin da ake kira aulu, a raba dukiyar gida bakwai maimakon shida, kowa ya ɗan ragu daidai gwargwadon kasonsa.

Wurin da rashin wasiyya yake ciwo sosai shi ne kan waɗanda ba su cikin magada. Jikan da mahaifinsa ya riga kakansa rasuwa ba ya gado muddin akwai baffa a raye. Haka ɗan riƙo, da agola, da baranyar da ta tsufa a gidan. Masar ta kafa dokar wasiyya ta dole a 1946 domin irin waɗannan jikoki, amma a wurinmu mafitarsu ita ce sulusin nan, ko kyauta tun mai dukiya yana da rai. Ita ma kyautar da sharaɗi. A Malikiyya, sai wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa kafin mai bayarwa ya kwanta ciwon ajali. Uban da ya sha faɗa a gaban mutane cewa gonar fadama ta wance ce, amma ya ci gaba da noma ta har ya rasu, ya bar gonar ne a cikin gado.

A kudancin ƙasar, hanyoyin sun bambanta. Yarbawa suna da tsari biyu: idi-igi, inda ake raba dukiya bisa ɗakunan matan mamaci, da ori-ojori, inda ake ƙirga 'ya'ya kai da kai. A masarautar Benin, babban ɗa namiji ne yake gadon gidan da uban ya rayu a ciki, bayan ya kammala al'adun binne shi. A wasu sassan ƙasar Ibo, al'ada ta daɗe tana hana 'ya mace gadon uba. Lazarus Ukeje ya rasu a 1981 babu wasiyya, 'yarsa Gladys ta shiga kotu neman haƙƙinta, sai a 2014 Kotun Ƙoli ta yanke cewa al'adar ta saɓa wa sashe na 42 na Tsarin Mulki, wanda ya haramta nuna bambanci saboda jinsi. Shekara 33 tsakanin rasuwa da hukunci.

Mace Bahaushiya ba ta buƙatar irin wannan shari'a kafin a san tana da kaso, amma sau da yawa kason yana tsayawa a baki. Sai a ce mata gona ta gandu ce, ba a raba ta. Yayanta ya riƙe, ya riƙa aika mata tiya biyu-uku da kaka. Ko a bar gida a hannun babban wa da sunan riƙon zumunci, shekara goma, shekara ashirin. Kafin a waiwayi rabo, wasu magadan sun rasu, kasonsu ya gangara kan nasu 'ya'yan da matansu. Malamai suna kiran wannan munasakha, kuma lissafinsa yana iya tara mutum hamsin a kan gida mai ɗaki shida. A lokacin shaidun da suka san iyakar gona sun ƙare, wanda ya gina bene a filin kuma yana ganin gumin kansa ne.

Dukiyar zamani ta zo da nata ƙulli. Sunan ɗan uwa da mutum ya cike a fom ɗin banki ko na wurin aiki ba ya mayar da shi magaji. Shi dai wanda za a tuntuɓa ne. Bankuna da kamfanonin fansho sukan nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu kafin su saki kuɗi, kuma samun ta yana buƙatar shaidar rasuwa da jerin kadarori da biyan kuɗin rajista. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa masu ɗaukar ma'aikata inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, haƙƙin da gwauruwa ba za ta nema ba idan ba ta san da shi ba. Asusun da mamaci bai gaya wa kowa ba, da filin da ya saya da amana babu takarda, da bashin da yake bin abokan kasuwa, duk suna iya salwanta.

Iyalin da suke son rabo mai tsabta sukan kira malami masanin gado, ko su kai maganar gaban alƙali. A can za a tabbatar da rasuwa da magada ta bakin shaidu, a tura masu ƙima su yi wa gida da gona kuɗi, a ba masu bin bashi dama su fito. Abin da ba ya rabuwa, ko wani magaji ya saya ya biya sauran, ko a sayar a raba kuɗin. Kason yara ƙanana a damƙa shi ga amintacce har su mallaki hankalin kansu, kowane baligi kuma, mace ko namiji, ya karɓi takardar da ke nuna abin da ya zama nasa.