Daga fagen dambe a Gumel zuwa gasar boksin ta duniya

A watan Satumban 2025 aka gudanar da gasar damben boksin ta duniya a birnin Liverpool na Ingila, wadda ita ce ta farko a ƙarƙashin sabuwar ƙungiyar World Boxing.

Gasa ce ta 'yan damben da ke wakiltar ƙasashensu domin lambar yabo, saɓanin ƙwararru masu yi domin kuɗi.

A masarautar Gumel da ke arewacin Jihar Jigawa, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, dambe ba baƙon abu ba ne.

Kamar sauran sassan ƙasar Hausa, al'ada ce da kaka, bayan an kau da amfanin gona, a kafa fage a kaɗa kalangu, samari su gwada ƙwanji.

To ko me ya sa jarumin da ya yi suna a irin wannan fage ba zai wuce kai-tsaye zuwa gasar duniya ba?

Bambancin wasannin biyu

A damben gargajiya hannu ɗaya ake naɗewa da zare, shi ne mashi, ɗayan kuma garkuwa ce ta tare naushi.

Turmi uku ake yi, kuma da zarar hannun ɗan wasa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an yi kisa ke nan. A al'adance ba a auna nauyin 'yan wasa, sannan a wurare da dama an yarda a kai hari da ƙafa.

A damben boksin kuwa hannu biyu ne ke aiki, dukansu cikin safa mai laushi. An haramta shuri da duka ƙasa da ƙugu, kuma sai an hau sikeli kafin a haɗa mutum da tsaransa.

Shi ma turmi uku ne, kowanne na minti uku, amma faɗuwa ba ta kashe wasa. Idan ɗan dambe ya miƙe kafin alƙali ya ƙirga goma, ya kuma ga zai iya, sai a ci gaba. In an kai ƙarshe, alƙalai biyar ne ke yanke hukunci da maki.

Wato ɗan damben da ya saba neman kisa da naushi guda, sai ya sake koyon amfani da hannunsa na biyu, da takun ƙafa, da juriyar minti tara.

Tarihin lambobi

Najeriya dai ta taɓa yin fice a wannan wasa. Lambarta ta farko a wasannin Olamfik, ta tagulla, Nojim Maiyegun ne ya ciwo ta a birnin Tokyo a 1964.

An soma gasar duniya a birnin Havana na Kyuba a 1974, kuma a karo na biyu, a Belgrade a 1978, Davidson Andeh ya ciwo wa Najeriya zinare.

Jamhuriyar Nijar, wadda ke iyaka da Maigatari, ita ma ta hanyar boksin ta sami lambarta ta farko, lokacin da Issaka Daboré ya ci tagulla a Munich a 1972.

Lambobi shida Najeriya ta samu a boksin a Olamfik, amma rabonta da ko guda tun 1996, lokacin da Duncan Dokiwari ya ci tagulla a Atlanta.

Hanyar zuwa 2028

Wasan kansa ya shiga ruɗani a 'yan shekarun nan. A 2023 Kwamitin Olamfik na Duniya ya daina amincewa da tsohuwar ƙungiyar IBA, bisa matsalolin shugabanci, kuɗi da alƙalanci.

A 2025 ne kwamitin ya bai wa World Boxing amincewar wucin-gadi, ya kuma tabbatar da cewa za a yi boksin a Los Angeles a 2028. Najeriya na cikin ƙasashen da suka shiga sabuwar ƙungiyar.

Ga matashi a Gagarawa ko Sule Tankarkar, hanyar tana farawa ne daga mai horarwa da ɗakin motsa jiki, sai wakiltar jiha a gasannin ƙasa irin su bikin wasanni na ƙasa da aka soma a Legas a 1973, kafin hukumar boksin ta Najeriya ta zaɓe shi.

Ƙarfin hannu da ƙarfin zuciya akwai su a fagen gargajiya. Abin da zai kai su gasar duniya shi ne horo tun daga ƙuruciya, da kayan aiki, da gasa a kai a kai, kuma wannan nauyi ne da ke kan hukumomin wasanni na jiha da na tarayya.