Tsofaffin Kalmomin Kayan Doki da na Kaɗi a Ƙasar Gwandu

Tun daga 1805, lokacin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Gwandu da jama'arsa, har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, an sha gwabza yaƙi tsakanin Gwandu da Kabawa. Saboda haka doki ya zama abin tsaron rai, kowane yanki na kayansa kuma da sunansa. Akwai sirdi da linzami da likkafa, waɗanda asalinsu Larabci ne. "Li" ɗin farkon likkafa ma ɓurɓushin "al" ne na Larabci da ya manne wa kalmar. Ana shimfiɗa zubka a bayan doki kafin a ɗora sirdi, a ɗaure shi da majayi, sa'an nan mahayi ya dafa kwacciya ya hau.

Lifidi, watau rigar kariyar nan mai kauri da ake cusa wa auduga, shi ne ya haɗa barde da mata masu kaɗi. Kafin auduga ta zama ƙyalle sai an gurje ta an fid da angurya, a shiɓe ta da bakan shiɓa ta zama sutu. Mai kaɗi ta shafa alli a yatsa ta murza mazari, gululun da ke gindinsa yana ba shi nauyi. Zare mai kauri shi ne abawa, siririn kuwa arafiya. Daga nan sai masaƙi ya yi wadari.

Abin lura shi ne, kalmomin nan ba tare suke mutuwa ba. Wadda ta sami wani aiki a maganar yau da kullum ta tsira. Ma'aikacin da bai taɓa hawan doki ba yakan ce wane ya karɓi ragamar mulki, ko likkafarsa ta ci gaba, ko a ƙara ƙaimi. Gidajen rediyo sun ba linzami sabon aiki a cikin "makami mai linzami". Har yanzu jikin matsoraci yana rawa kamar mazari. Amma fa majayi da zubka da gululu ba su sami irin wannan mafaka ba, don haka ɗalibi kan ji su kamar baƙin kalmomi.

A Gwandu da Kalgo hasarar ta ninka, domin daidaitacciyar Hausa a kan karin Kano aka gina ta. Dattijon Kalgo likkahwa yake cewa, da lihidi, auduga kuma kaɗa yake kiran ta, amma jikansa a makaranta lafazin Kano yake rubutawa. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya adana da yawa daga cikinsu, har yakan nuna wadda ta fito daga Sakkwato. Sai dai ƙamus ba ya nuna yadda ake murza mazari. Wannan sai an zauna gaban tsofaffin matan da suka yi kaɗi da hannunsu, da bayin sarki masu ɗaura sirdi ranar hawan salla a Birnin Kebbi, an naɗi bayaninsu da lafazinsu.